Jikar da Na Ba Maƙwabciyata

Wankan jego na zo yi wa 'yata a ƙasar nan, da niyyar in ta yi arba'in in juya Malumfashi. Arba'in ta zo ta wuce. Jariri ya yi wuya, ya zauna, ya miƙe, ni kuwa ina nan. 'Yar tawa aikin asibiti take yi, mijinta likita ne, su fita da sassafe su dawo a gajiye, to wa za a bar wa yara? Aka ce, Iya, ki ƙara haƙuri zuwa bazara. Bazarar da ake faɗi ke nan har furfura ta gama cinye kaina a Clinton, wani gari kusa da Washington.

Ba zan kama sunan kowa ba. 'Yata ta fari ce, ko a gida ba na faɗin sunanta, suruki kuwa ba a magana. Babbar jikata sunana aka sa mata, don haka takwarata nake ce mata. Lokacin da na zo ta fara shiga makaranta ke nan, tana jin Hausa sarai amma sai ta amsa maka da Turanci.

Na zaci ƙasar Turawa aka kawo ni. Da gari ya waye na ɗaga labule, sai na ga fuskoki irin waɗanda na baro a kasuwar Funtuwa. Na tambayi 'yata, su waɗannan daga wane gari suke? Ta ce, "Iya, 'yan ƙasa ne. Kakanninsu aka kwaso daga wajenmu tun zamanin cinikin bayi. Ki gaishe su kawai ki wuce, baban yara ba ya son shige-shige." Na ce to.

Ana nan, ana nan, sanyi ya tafi, ƙasa ta yi laushi. Ni kuwa hannuna bai saba da zama ba. Na sa aka sayo mini 'yar fartanya, na tayar da kunya a bayan gida jikin shinge, na shuka kuɓewa da yakuwa da irin da na ƙullo a gefen zane. Rannan ina tsugune ina cire ciyawa, sai na ji ana magana a bisa kaina. Na ɗaga ido. Wata tsohuwa ce doguwa, baƙa, da hular kaba, ta dogara da shinge tana nuna kuɓewata tana dariya. Sai ta yafito ni. Na leƙa ɓangarenta, ashe ita ma kuɓewa ce jere, ga wake, ga wani ganye mai faɗi kamar kabejin da ya ƙi naɗewa. Tata ta fi tawa tsawo nesa ba kusa ba.

Ta girme ni, don haka na ce mata Yaya. Ta karɓa. Ita kuma ta riƙa kirana da kalmarsu ta 'yar'uwa.

Ba mu da harshe ɗaya, amma muka yi shekaru muna hira. Ta nuna mini yadda ake kare tumatir daga kurege, na nuna mata yadda ake yanka kuɓewa a shanya a daka. Ita soya tata take yi da garin masara, abin da ban taɓa gani ba. Ranar farko da ta miƙo mini kwanon dafaffen ganye ta kan shinge, na shinshina na mayar mata, don na ji alade a ciki. Na ji nauyin abin ƙwarai. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da wani kwanon, tana kwaikwayon kukan talotalo da bakinta, tana fuka-fuki da hannuwa, don in gane da naman me ta dafa. Muka yi ta dariya har na zauna a ƙasa. Tun daga ranar ba ta sake sa alade a tukunyar da za ta ɗibar mini ba.

Tana da jika mace, sa'ar takwarata, motar makaranta ɗaya ke ɗaukarsu a bakin titi. Uban yarinyar, ɗan Yaya, ya je soja ya dawo da ciwo ya rasu. Uwarta tana tuƙa bas a cikin Washington, ba ta cika zama ba, don haka kakar ce ke riƙonta. Yarinya ce mai kaifin kai. Tun ba a je ko'ina ba ta iya ƙirga da Hausa, ta iya durƙusawa ta ce, "Ina wuni, Iya? Ina gajiya?" Ni kuwa in dubi takwarata in ce, "Kin gani ko, baƙauya? Bare ta fi ki iya gaisuwa." Takwarar tawa kuma ta murguɗa baki ta ce, "Iya, kai tsoho ne, ka cika magana." Namiji da mace duk ɗaya ne a Hausarta.

Da yaran suka ɗan tasa, sai takwarata ta zama tafintarmu. Wata la'asar muna zaune a barandar Yaya muna ɓarar wake, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce a tambayar mini ita, me ya sa kullum ta ga yaran nan da littafi sai ta tsaya tana kallonsu kamar mai kallon abinci da azumi a baki. Ta ajiye kwanon wake a cinya. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa don yarinya ta juya mini.

Ta ce a gonar taba aka haife ta, nan kusa, inda aka gina manyan kantuna yanzu. Gonar Bature ce. Kakanninta sun noma ta suna bayi, ubanta ya noma ta yana ɗa, amma a ƙarshen shekara abin da yake kawowa gida bai fi na bawa ba. Makarantarsu daban, ta 'ya'yan Turawa daban. Tasu ɗakin katako ce da murhu a tsakiya, littattafai kuwa sai waɗanda 'ya'yan Turawa suka gama yagawa aka jefo musu. Motar makaranta takan wuce su a hanya ta watsa musu taɓo, su suna tafiya a ƙasa. Duk da haka ita ta fi kowa a ajinsu, har malamarsu ta taka ta je gona ta ce wa uban, yarinyar nan kada a bar ta a cikin taba.

Sai uban ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ari mota, ya kai ta wata babbar jami'a da ba ta da nisa sosai da nan. Suka tsaya a ƙofar gaba. Wani mutum ya fito musu. Bai zage su ba, bai ɗaga murya ba, har murmushi ya yi. Ya ce nan ba a ɗaukar irinsu, amma in aikin kicin yarinyar ke nema, akwai ƙofa ta baya. Yaya ta ce da zaginsu ya yi da tuni ta manta. Uban ya tuƙo su gida, kuma har ya mutu bai sake tayar da zancen ba. Ita kuwa ta ƙare a ɗakin wankin wani asibiti, nan ta yi aiki har ƙarfinta ya ƙare.

Ta ce, "An daɗe da canza dokar. Yau in na ga dama in shiga in zauna a kan ciyawarsu, ba mai hana ni. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan taka cikin wurin nan ba sai ranar da jinina ya shiga a matsayin ɗalibi. Ɗana bai samu ba. Saura wannan." Ta nuna jikarta da haɓa. Yarinyar ta sunkuyar da kai, da alama ta sha jin maganar.

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin ƙishinsa ba, don ba a taɓa nuna mini shi sannan a janye ba. Ita an nuna mata. Daga ranar na san abin da Yaya ke jira a duniya, na kuma shiga taya ta jira. In na idar da salla ina yi wa jikokina addu'a, sai in sa da yarinyar nan a ciki.

Kwanci tashi, hanyar yaran ta fara rabuwa, ba tare da sun yi faɗa ba. Suruki ya ce makarantar unguwa ta lalace, malamai ba sa zama, ya cire takwarata ya kai ta ta kuɗi can wajen gari. Ranar Asabar malamin lesin ya zo gida ya zaunar da ita a teburin cin abinci, su yi ta bitar jarrabawar shiga jami'a. In an yi dogon hutu a kai ta wani wuri ta ƙara karatu. Jikar Yaya tana nan inda take. Wata shekara malaminsu na lissafi ya ajiye aiki a tsakiyar zango, aka yi ta kawo musu na wucin gadi, wannan ya zo wancan ya tafi. In ta tashi makaranta ta wuce wani shagon soya kaji ta yi aiki, ta dawo tana warin mai, ta buɗe littafi a baranda. Nakan gan ta ta kan shinge tana gyangyaɗi a kansa.

Da lokaci ya yi, su biyun suka nemi jami'ar nan ɗaya. 'Yata ce ta yi mini bayani muna tsinke alayyafo. Ta ce manyan makarantun ƙasar sun ce sun ji kunyar abin da aka yi a da, don haka in ɗan baƙar fata ya nema sukan duba shi da sassauci, wani lokaci har da tallafin karatu. Na ce, "To, mu aka yi wa abin?" Ta ce, "Iya, su fata suke gani. Ba sa tambayar ta wace hanya ka zo, ko a jirgin sama ko a ɗaure." Na ci gaba da tsinke alayyafo. Na ce a raina wurin babba ne, zai ci su duka biyu.

Amsa ta zo da rana tsaka, lokacin da itatuwa suka fara fure. A kwamfuta ake gani. Ina ninke kaya sai na ji ihu daga sama, takwarata ta sauko a guje ta ƙanƙame ni har ta kusa kayar da ni. An ɗauke ta, har da tallafin. Na yi hamdala, na yi guɗa 'yar ƙarama. Sai na tuna, na je taga na leƙa. Gidan Yaya shiru. Da la'asar na ga jikarta ta fito da rigar aikinta ta nufi tashar bas, ba ta kalli gidanmu ba. Ban buƙaci tafinta ba.

Suruki ya sa aka yanko rago daga wata gona, aka kira 'yan'uwa daga garuruwan Beltsville da Mitchellville za a yi walima. Na ja 'yata gefe na ce a yi abin a cikin gida, kada a kafa rumfa a waje, kada a kunna kiɗa. Ta kai masa maganar. Ni ba na zama inda yake, ina kicin, amma ya ɗaga murya yadda zan ji.

Ya ce, "A gaya wa Iya ba kyauta aka ba yarinyar nan ba. Makinta ya kai, kowa ya gani. Ni da jaka ɗaya na sauka a ƙasar nan, na yi gadi, na wanke kwanuka kafin su yarda da takarduna. Har gobe akwai majinyacin da zai gan ni ya ce a kira masa likita na gaske. Ɗan sanda in ya tare ni ba ya tambaya ko daga Katsina nake. Me ya sa za mu ɓoye farin cikinmu kamar mun yi sata?"

Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Na ga takwarata tana karatu har idonta ya yi ja. Amma abin da ke yi mini yawo a kai daban ne. A gidanmu in an sauke tuwo, akwai yaron da aka aika gona bai dawo ba, sai a zuba nasa a rufe a ajiye. Wani lokaci baƙo ya yi sallama da yunwarsa, a rasa abin ba shi, a ɗauko kwanon nan a miƙa masa. Baƙo bai yi laifi ba, bai san na wani ba ne. Amma yaro zai dawo daga gona. An dai yi walimar a cikin gida, ba a kafa rumfa ba.

Na kwana biyu ina juya abin, sai na tuna da kaina. Ni ba a ɗakin uwata na tashi ba. Gwaggona ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya har ta daina magana da mutane. Da aka yaye ni, uwata ta yi mini wanka, ta ɗaura mini sabon zane, ta kai ni ɗakinta ta sa hannuna a cikin nata, ta ce, na ba ki ita, taki ce duniya da lahira. Gwaggo ta warke a kaina. Ita ta yi mini aure, ita nake kira Inna har ta koma ga Allah. Haka muke yi. In 'yar'uwarka ta rasa, kai kana da shi, ba ka zuwa da baki kawai. Na ce ashe maganin yana hannuna. Yaya jika take so ta shiga ƙofar nan. Ga jika.

Na tashi da safe na soya waina, na ciro turmin atamfa daga ƙasan akwati da kwalbar turare. Na ce wa takwarata ta sa doguwar rigarta ta salla ta rako ni. A hanya na gaya mata abin da za mu yi. Ta tsaya cik a kan ciyawa.

Ta ce, "Iya, nan ba a yi haka."

Na ce, "Ke dai bakina ce yau. Abin da na faɗa shi za ki faɗa."

"Iya, zai ji ba daɗi."

"Wuce mu tafi, sarkin sani. Yaushe aka haife ki?"

Jikar Yaya ce ta buɗe mana. Ta rungume takwarata ta yi mata barka, da gaske ta yi, na ga idonta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta ce za ta makara wurin aiki, ta fita. Yaya tana zaune a kujerarta kusa da taga, da bargo a gwiwa ko da yake ba a sanyi. Na ajiye kaya a gabanta. Muka gaisa. Sannan na kama hannun takwarata na sa a cikin nata, na haɗa na riƙe da hannuwana biyu.

Na ce, "Gaya mata, a garinmu in mace ta rasa, 'yar'uwarta takan ba ta nata. Gaya mata na ba ta ke, halak malak, ba aro ba. Daga yau ke jikarta ce. Ranar da za a kai ki makarantar nan, ita za ta shiga gaba, ni ina bayanta. Alkawarinta ya cika."

Yarinya ta juya maganar, muryarta ƙasa-ƙasa. Yaya ta saurara har ƙarshe. Ba ta janye hannunta ba. Ta daɗe tana murza yatsun yarinyar da babban yatsanta, sannan ta yi magana, tana kallona ni, ba tafinta ba.

Takwarata ta ce, "Ta ce ta gode. Ta ce ba wanda ya taɓa ba ta kyauta mai girma haka. Ta ce ni tun ina ƙarama nata ne, ba sai an ba ta ba."

Na ce alhamdulillahi. Amma Yaya ba ta gama ba. Ta ci gaba, maganar ta yi tsawo, na ga fuskar yarinya tana canzawa. Da ta tsaya, takwarata ba ta juya mini ba.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ba komai, Iya. Mu tafi gida."

"Ba ki isa ba. Faɗa mini duka, kada ki rage."

Sai ta faɗa, tana haɗiyar kuka, Hausar tana kakkarye mata, ni kuma ina gyarawa a zuciyata. Ga abin da Yaya ta ce.

"Gaya wa kakarki abin da ta yi yanzu, su ma shi suka yi. Sun ɗauke ki sun sa a gurbinmu. Za su ɗauki hotonki su liƙa a bango su ce ga shi mun gyara, kowa ya tafa musu. Su da gayya ko da ganganci, ban sani ba, ita kuwa da ƙauna ta yi, na sani. Amma ba ubanki aka tsayar a ƙofar nan ba, ubana ne. Ba ke kika yi ba, ɗiyata, kada ki ɗauka a kanki. Je ki yi karatu ki fi su duka, zan yi alfahari da ke. Sai dai kada kakarki ta ce in shiga da hannunki. In na shiga, na sa hannu ke nan cewa an gama. Ba a gama ba. Tawa tana can tana soya kaji."

Na saki hannuwansu. Ban san inda zan sa idona ba. Na fara tattara kayana, sai ta dafa kwanon waina ta ce wani abu, har da ɗan murmushi. Takwarata ta share hanci ta ce, "Ta ce wainar dai ki bari, ita ba ta yi laifi ba." Atamfar ma ta karɓa. Ta sa an ɗinka mata riga da ita, tana zuwa coci da ita da babbar hularta.

Ba mu ɓata ba. Kwano ya ci gaba da ƙetare shinge. Amma tafintarmu ta tafi makaranta, muka koma hirar hannu da 'yan kalmomin da na tsinta, kuma akwai wurin da in hira ta nufa sai mu duka mu kauce. Jikarta ta shiga ƙaramar kwalejin nan ta shekara biyu, wadda aka ce in mutum ya yi ƙoƙari yakan tsallaka daga can zuwa babbar. Yaya ta sake ɗaura jira. Ta nuna mini da yatsu biyu, ta nuna hanyar jami'ar, ta ɗaga gira. Na ce in Allah ya so.

Takwarata kuwa in ta zo hutu sai in ga ta rame. Wata rana tana kwance da kai a cinyata ina yi mata tsifa, ta ce, "Iya, Turawa suna ce an ba ni ne don fata. Baƙaƙen nan kuma wasu suna ce na ci nasu. Ni na wa ne?" Na ce ke tawa ce, ɗago kanki in gama. Na ci gaba da tsifar.

Kafin shekara biyun su cika, Yaya ta faɗi a cikin lambunta, tsakanin kunyoyin wake. Ni na hango hular a ƙasa na yi kururuwa. Ɓarin jikinta ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti sai an ɗaga ta, sai an kwantar. Uwar jikarta ba ta iya barin tuƙi, don da shi ake biyan gida. To wa ya rage? Jikar Yaya ta rage darussa, ta ce na ɗan lokaci ne. Ta sake ragewa. Daga baya ta daina zuwa. Yaya ta yi ta faɗa da bakinta da ya karkace, tana dukan hannun kujera, tana nuna mata ƙofa. Na ce ni zan zauna da ita, na kuwa zauna, amma ni ma tsohuwa ce, ba na iya ɗaga ta, ba na iya karanta magani, ba na iya amsa waya. Da yarinyar ta ƙware da jinya, sai ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Tana can har yanzu. In na tambaye ta karatu takan ce, "Baɗi, Iya."

Ranar da takwarata za ta karɓi digiri ta matso. Ta je da kanta ta durƙusa gaban keken marasa lafiyan da ake tura Yaya a kai, da katin shiga a hannu, ta ce ba don alkawari ba, don ita kawai. Yaya ta shafa kanta da hannun da ke motsi, ta girgiza kai.

Ni na je. Na sa leshi, aka sa ni a gaban mota. Tun daga nesa nake miƙa wuya, don shekara da shekaru ina ganin ƙofar nan a raina kamar ƙofar birni, da ƙarfe da masu gadi. Ashe ginshiƙai biyu ne na jan bulo, ko ƙyaure babu. Motoci na shiga suna fita. Wani yaro ya wuce mu a kan keke yana cin tuffa. Ba wanda ya tsayar da mu, ba wanda ya dube ni. Kafin in gyara zama mun shige. Da aka kira takwarata na yi guɗa da ƙarfi har Turawan gabanmu suka waiwayo, kuma farin cikina na gaske ne, ba zan ɓoye ba.

Da muka dawo, gida ya cika da baƙi, takwarata tana tsakiyarsu ana ta hoto. Na zame na zagaya gidan Yaya ni kaɗai da kayan jikina. An turo ta baranda tana shan iska. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yaba leshin da ido. Na zauna a gefenta. Can sai ta yi magana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya yadda zan gane. Ta ce yaya cikin yake?

Ina da abin faɗi da yawa. Akwai wani dogon gini mai farin ginshiƙai da aka ce duk littattafai ne a ciki tun daga ƙasa har sama. Akwai itatuwan da suka girme mu, da kujeru a ƙarƙashinsu, da 'yan mata baƙaƙe kamar jikarta suna tafe da baƙar riga suna dariya. Duk na gani, duk yana bakina da Hausa. Na waiwaya ko zan ga mai juya mini, ba kowa. Na lalubo abin da nake da shi na harshenta, kalma biyu ce ta zo. Na ce mata babba. Na ce mata ciyawa.

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Ta maimaita ta biyun a hankali. Muka zauna har aka leƙo ta kan shinge ana kirana in zo a yi hoto da ni.

Da sanyin shekarar ya shigo ta rasu. Ba ta shiga ba.